Bilyamin da Jam'iyyar da Ta Fi Ƙarfin Zaurensa

Duk wanda ya san Hillar Gado, wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogin Bahar Azraƙ a ƙasar Sudan, kudu da garin Sinnar, ya san Bilyamin. Dogo ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, in ya yi sallama a ƙofar gida har wanda ke ƙuryar ɗaki sai ya amsa. Kakansa Gado ne ya fara kafa bukka a wurin, cikin ayarin mutanen Sakkwato da suka nufo gabas da niyyar Makka, suka tsaya noman auduga don neman guzuri, daga nan tafiya ba ta sake yiwuwa ba. Bilyamin ya gaji hawasha daga ubansa, wato gonar da hukumar noman rani ke ba manomi ya riƙe, yana shuka auduga da dawa da gyaɗa. Bai yi nisa a makaranta ba, amma mutum ne da in ya ce a tashi, ana tashi.

A farkon shekarun casa'in, tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin garin, ta cushe da laka da ciyawa. Injinan da suka saba zuwa yashe ta suka daina zuwa. Aka aika Sinnar, aka sake aikawa, ba a ga kowa ba, dawa kuwa ta fara naɗe ganye. Wata Juma'a bayan an sallame, Bilyamin ya miƙe a ƙofar masallaci tun mutane ba su sa takalma ba.

"Jama'a, in muna jiran wani ya zo ya yashe muna tur'a, bana ba mu cin tuwo," in ji shi. "Ni gobe da sassafe ina can da shebur ɗina. Wanda ya ga dama shi iske ni."

Da safe ya tarar da mutum biyu. Kafin azahar sun kai goma, kafin mako ya ƙare babu mai hawasha da bai shiga laka har gwiwa ba. Ranar da ruwa ya gangaro ya isa gonakin ƙarshe, aka zauna a zauren Bilyamin ana shan jabana, gahawar da matarsa Zainabu ta dafa da citta, wani dattijo mai suna Almu ya ce bai kamata a watse haka nan ba. A nan aka kafa Jam'iyyar Ci Gaban Hillar Gado. Ba a yi zaɓe ba, domin ba wanda ya ga dalilin yi. Kowa ya fara kiran Bilyamin ra'is, shugaba ke nan, har sunan ya bi shi kasuwa.

Ya yi aiki, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. A zamaninsa aka gina tankin ruwa a tsakiyar gari, mata suka huta da gangarawa kogi da tulu. Aka ƙara ajujuwa a makarantar firamare. 'Yan jam'iyya ba su da yawa, zaure ɗaya ke ɗaukar su, duk masu hawasha ne, duk kakanninsu tare suka zo. Bilyamin ya san tarin kowa, ya san wanda zai yi gardama da wanda zai yi gyangyaɗi. Haka yake son abin.

Mutum ɗaya ne ya shigo ba shi da hawasha, kuma Bilyamin ne ya shigo da shi da hannunsa. Abdussalami mijin ƙanwarsa Maryamu ne, direban lori tsakanin Sinnar da Madani, ɗan siriri mai yawan murmushi, wanda ubansa ya rayu yana tsinkar auduga a gonakin mutane. Larabcinsa kamar na 'yan birni, kuma ba ya jin nauyin shiga ofis. Bilyamin ya ga ana bukatar mai kai saƙo, ya ce masa ya riƙa zuwa taro. Abdussalami yakan zauna kusa da ƙofa, inda ake tuɓe takalma, ba ya magana sai an tambaye shi.

Wata rana mutanen kambo suka aiko. Kambo shi ne zangon 'yan ƙwadago da ke can gefen gonaki, bukkoki ne na mutanen da ke zuwa aikin auduga su zauna shekara da shekaru, akwai Hausawa, akwai mutanen Darfur, akwai wasu. Ruwan tur'a suke sha, wanda jakai ke sha. Suka ce suna so su shiga jam'iyya, su yi aikin gayya kamar kowa, a ja musu famfo daga tanki.

"Jam'iyya ta masu gari ce," in ji Bilyamin. "Su ɗebi ruwa a tanki in sun zo, ba mu hana su. Amma shiga, a'a. Yau suna nan, gobe sun tashi."

Daga bakin ƙofa Abdussalami ya ce, "Yaya Bilyamin, wasunsu a nan aka haife su. Kakanka ma da ya zo, ai bukka ya kafa."

Bilyamin ya yi dariya, mutane suka taya shi, aka wuce maganar. Bai ɗauke ta da nauyi ba. Bai kuma san an ci gaba da yin ta a wajen zaurensa ba.

Bayan shekara ta dubu biyu aka ce duk wata jam'iyya sai ta yi rajista, kuma sai an yi zaɓe a gaban ma'aikacin gwamnati. Bilyamin ya sa aka share zaure, ya sa farar jallabiya da rawani, ya yanka ɗan akuya saboda baƙo. A zatonsa cika ƙa'ida ne kawai. Almu ya ambaci sunansa, aka amsa. Sai wani malamin makaranta ya ambaci Abdussalami. Ma'aikacin ya ce a ɗaga hannu. Da aka zo kan Abdussalami hannuwa suka tashi ɗaya bayan ɗaya, masu su suna kallon tabarma. Bilyamin ya bi su da ido har ya kai kan Lukman, babban ɗansa. Hannun Lukman na sama.

Abdussalami ya ci. Bilyamin ya miƙe ya gaisa da surukinsa, ya yi masa addu'a da babbar murya, har ya ce a kawo nama. Shi dai bai ci ba. Da mutane suka watse ya shiga gida ya ce wa Zainabu, "Ki bar su. Wata shida na ba su. Za su zo nan su durƙusa su ce in karɓi abina."

Wata shida suka wuce ba wanda ya zo. Abin da Abdussalami ya fara yi shi ne buɗe ƙofa. Mutanen kambo suka shiga. Mata masu adashi suka shiga da adashinsu. Samarin da ke aiki a Hartum da waɗanda ke Saudiyya aka ce su ma 'yan gari ne, suka shiga daga nesa, suna aiko da nasu taimakon. Zaure ya yi kaɗan, aka mayar da taro filin makaranta, a ƙarƙashin itatuwan darbejiya. Da yake rabin jama'ar ba su jin Hausa, samarin gari ma Larabci ya fi musu sauƙi, sai taro ya koma da Larabci, ana fassara wa tsofaffi.

Ba a manta da Bilyamin ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Aka naɗa shi uban jam'iyya, aka ajiye masa kujerar roba mai hannu a sahun gaba. Abdussalami ba ya buɗe taro sai ya ce, "Da izinin Yaya Bilyamin." Sai a tafa, sai a ci gaba da abin da aka riga aka shirya. Yakan waiwaya ya ga jama'a har bakin katanga, mata da tobansu, manyan mayafai masu launi, a gefe guda, yara a kan rassan darbejiya, fuskokin da bai taɓa gani ba. A zamaninsa ko ranar buɗe tanki ba a tara rabin wannan ba. Bayan 'yan taruka ya ce gwiwa na damunsa, ya daina zuwa.

Bai daina sanin abin da ake ciki ba. Ranar taro sai ya tuna yana da abin dubawa a hawasha, ya bi ta bayan makaranta, alhali ba hanyar ba ke nan. Yakan rage tafiya daidai katanga. In ya ji tafi sai ya ƙara sauri, ya isa gona ya rasa abin da ya zo yi.

Aka ja famfo har kambo. Aka sayi injin niƙa, mata suka riƙe shi. Aka fara ginin shifahana, ƙaramin asibiti mai ɗaki uku. Kowane aiki Bilyamin yana da abin cewa a kai. Bututun siriri ne, ba zai kai rani ba. Injin tsoho ne aka yi wa fenti. Da damina ta zo katangar shifahana ta tsage ta gefe ɗaya, ya je ya zagaya ta sau biyu, ya sa yatsa cikin tsagar yana girgiza kai. Ranar ya ci kisra, wainar dawa mai faɗi, da miyar kuɓewa har ya nemi ƙari. Kafin wata ya ƙare an rushe gefen an sake ginawa, mutanen kambo ne ma suka buga tubalin.

Ya taɓa shiga mota ya tafi Sinnar, ofishin da ke kula da jam'iyyu, da niyyar ya nuna cewa doka ba ta yarda baƙi su shiga jam'iyyar gari ba. Ma'aikacin da ya tarar, da jin sunan Hillar Gado sai ya washe baki, ya sa aka kawo shayi.

"Garin Abdussalami," in ji shi da Larabci. "Ya hajji, kun yi sa'ar mutum. Da shi muke ba sauran ƙauyuka misali. An ce kafin shi jam'iyyar 'yan tsofaffi ce kawai a wani ɗaki. Me ke tafe da kai?"

Bilyamin ya ce wucewa yake yi, ya shigo gaisuwa. Ya shanye shayin yana ƙona masa harshe, ya fito.

Sai ya yi tunanin kafa tasa. Ya kira Almu da wani tsohon abokinsa Audi da 'yan dattawa, ya ce za a yi ƙungiyar masu hawasha na asali, a zaurensa, da Hausa, kamar da. Suka zo, domin suna son sa, kuma suna son jabanar Zainabu. Amma da an zauna sai hira ta karkata. Audi ya ce jikarsa ta haihu a shifahana lafiya. Almu ya ce an ce baɗi za a kawo lantarki. Bilyamin ya ga ashe ya tara mutane ne yana ba su gahawa suna yabon Abdussalami a cikin zaurensa. Ƙungiyar ba ta kai kaka ba.

A cikin gida ma bai tsira ba. Wata la'asar ya ga Zainabu ta yafa sabon tobi tana neman takalmi.

"Ina za ki?"

"Taro, Malam. Mata sun ce ni za ni riƙe musu injin niƙa."

"Ke ma?"

"Shekara nawa ina dahwa muku jabana ina jin maganarku ta bayan labule? Ko sau ɗaya ba ka ce in shigo ba. Su sun ce in zo."

Bai hana ta ba, don ya san in ya hana za a ji a gari. Ya zauna a kan gadon igiya yana jin ƙarar takalminta har ta fita. Da ta dawo tana ba Lukman labari cikin tsakar gida, suna dariya da Larabci, ya kunna rediyo ya ƙure murya.

Abin ya kai maƙura lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Zainabu. Jikinta ya yi zafi, tana rawar sanyi da tsakar rana. Shifahana tana nan bayan masallaci, da ma'aikacin jinya, da magani. Bilyamin ya ce ba ya yarda da maganinsu. Ya kira mai amalanken jaki, aka ɗora ta, aka bi hanya mai gargada har bakin kwalta, suka tsaya cikin rana suna jiran motar Sinnar. Ta yi amai a hanya. A asibitin Sinnar aka ba ta magani, ta duba kwalin, irin wanda ke shifahana ne.

Ta jira sai da ta warke. Ranar da ta fara tashi, ta kawo masa abinci, ta zauna a gabansa, abin da ba ta saba yi ba.

"Malam, in tambaye ka. Abdussalami ya taɓa zaginka?"

"A'a."

"Ya ci amanar jam'iyya?"

"Ban ji ba."

"To ni mi na yi maka, da za ka ɗora ni bisa amalanken jaki cikin rana don kada a ce matarka ta shiga ɗakin da shi ya gina? Abin da ke cinka shi ci ka kai ɗaya. Kada ka sake sa ni ciki."

Ta tashi ta bar shi da kwano. Ya daɗe bai buɗe ba. Tun daga ranar ya rage magana a kan jam'iyya, amma rage magana kawai ya yi. In aka gaishe da Abdussalami da "ra'is" a gabansa, har yanzu wuyansa kan motsa kamar shi aka kira.

Shekaru suka ja. Bilyamin ya yi furfura, gwiwar da ya yi ƙarya da ita ta fara ciwo da gaske, Lukman ya karɓi hawasha. Jam'iyya ta kai har ƙauyuka biyu na maƙwabta. Sai aka fara jin ƙananan maganganu. Samari suna cewa Abdussalami ya daɗe, ba ya iya aika saƙo ta waya, komai sai ya shiga lori ya je da kansa. Ana ta ambaton Muhsina, malamar makaranta, wadda aka haifa a kambo, ta yi karatu a Madani ta dawo. Da zaɓe ya matso Bilyamin ya sa aka wanke masa jallabiya.

Ya je da sandarsa, aka yi ta mamaki, aka nemo masa kujera. Ya zauna inda zai ga fuskar surukinsa sosai. Yanzu ba a ɗaga hannu, takarda ake jefawa cikin akwati. Da aka faɗi sakamako Muhsina ta ci, mata suka rangaɗa guɗa. Bilyamin ya zuba wa Abdussalami ido yana jira. Abdussalami ya tashi da murmushin nan nasa, ya yi wa yarinyar addu'a, ya ce jam'iyya ta sami wadda ta fi shi, har ya ba da dariya da labarin yadda ya taɓa ɓata a ofisoshin Madani. Jama'a suka miƙe tsaye suna tafa masa, tafin da ya fi na wadda ta ci.

Bilyamin ya koma gida ransa a jagule. Ya je ne ya ga mutumin ya ɗanɗana abin da shi ya ɗanɗana, sai ga shi ko faɗuwar ma ya fi shi iya ta.

Bayan 'yan kwanaki ƙanwarsa Maryamu ta shigo gaishe da Zainabu. Yana zaure ya ji tana cewa maigidanta ba ya cin abinci, ba ya fita, sai kwanciya da rana kamar marar lafiya. Bilyamin ya ɗauki sanda. Rabonsa da gidan tun kafin a gina shifahana.

Ya tarar da shi kwance a ƙarƙashin rumfa, ya juya wa ƙofa baya. Abdussalami ya yunƙura zai tashi, Bilyamin ya ce ya zauna. Suka gaisa, suka tambayi lafiyar iyali.

"An ce jiya sun yi taro," in ji Bilyamin.

"Sun yi. An ce filin makaranta bai ɗauke su ba." Abdussalami ya shafa fuska. "Yaya, na fita sayen goro, ƙafata ta kai ni bayan katanga. Na ji suna tafa mata. Wallahi sai da na dafa bango."

"Ai na ga ka yi dariya ranar zaɓe."

"Mi zan yi in ban yi dariya ba? Jama'a na kallo. Ni na kai yarinyar nan Madani cikin lorina, ranar da za ta fara makaranta. Yanzu an ce za ta sa fanka mai aiki da hasken rana a shifahana. Ni shekara nawa ina nema ban samu ba."

Bilyamin ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa, irin wanda ya daɗe bai ji ba. Ya gyara zama, ya jingine sanda.

"Ba za shi yi ƙarko ba," in ji shi. "Kayan nan na hasken rana, ƙura ɗaya ke kashe su."

Abdussalami ya ɗago ya dube shi. "Haka na ce wa Maryamu."

"Maryamu," Bilyamin ya ɗaga murya, "kawo muna abinci, ni da mijinki."

Suka ci tare, Abdussalami ya cinye rabonsa.

Daga nan aka saba ganinsu kullum bayan la'asar, dogo da sanda, siriri a gefensa, suna zagaya gari. Sukan tsaya a gaban duk abin da Muhsina ke ginawa su daɗe suna dubawa. Ɗakin haihuwa tagoginsa sun yi ƙanana. Fankar tana ƙara. Sabon tankin an ɗora shi inda iska za ta kayar. Ba abin da ya faɗi, fankar kuwa har yau tana juyawa, kuma su biyun sukan shiga su zauna a ƙarƙashinta in zafi ya yi yawa, da sunan sun zo awon jini. Muhsina in ta gan su takan rusuna ta ce, "Baba, a ba mu shawara." Sai su ba ta, mai yawa, ta saurara har ƙarshe.

Abu ɗaya ne Bilyamin bai iya haɗiyewa ba har ƙarshen ƙarfinsa. In sun taho tare, yaran gari da mutanen kambo Abdussalami suke fara gaisarwa, wasu ma ba su san wane ne dogon tsohon ba. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Sai dai in ya hango mutane tafe, yakan dogara sanda ya ƙara sauri, duk da ciwon gwiwa, ya sha gaban surukinsa, don hannunsa a fara kamawa.